Fangalin da Ya Yi Saura

Duk wanda ya san Unguwar Ɗinya, can gefen kogin Watari, ya san Buwai mai albasa, ya kuma san ba a tsayawa gaishe shi in ana sauri. Ka ce masa buhu sittin ka samu bana, kafin ya yi maka fatan albarka sai ya gaya maka halin sittin ɗin. Fuskarsa ta washe, ya ce ka samu ɗan arziki mai sauƙin kai, wanda ko mutum biyu suka zo ko biyar ko shida zai raba musu kansa ba gardama. In kuwa tsautsayi ya sa ka ce sittin da ɗaya, sai ya girgiza kai kamar ka kawo masa labarin rashin lafiya. Ya ce wannan mai taurin kai ne, ba wanda yake raba shi ba saura, gara ka yi sadaka da buhu guda ka huta. Matasa suna cewa tsufa ne, amma tsaransa sun san tun yana da baƙin gashi haka yake.

Buwai bai yi boko ba, bai yi allo ba. Abin da ya koya masa lissafi wata kunya ce guda ɗaya a gonar kakansa.

Kakan ya mutu ya bar gonar dawa mai kunya ɗari da 'ya'ya maza uku. Dattawa suka taka gonar suka ba kowa talatin da uku, kunya ɗaya ta yi saura, ta kuma faɗo daidai tsakanin rabon Shago, uban Buwai, da na ƙaninsa Nababa. Shago ya ce shi ne babba, tasa ce. Nababa ya ce babba ai ya riga ya ɗauki rumbu da jaki. Kunyar nan ko dami guda ba za ta fid da ba, amma bana Shago ya shuka Nababa ya tuge, baɗi Nababa ya shuka Shago ya saka mata awaki. Da dattawa suka gaji, sai suka ce kada wanda ya sake taɓa ta. Ƙarangiya ta cinye ta, farar ƙaya ta tsiro a tsakiyarta ta yi girma. Haka Buwai ya tashi yana noma a wannan gefen, 'ya'yan baffansa suna noma a wancan, ƙishirwa ta kama su ba mai miƙa wa wani gora.

Ranar da Shago ya mutu, Nababa yana gonarsa. Ya ji kukan mata, ya taho har bakin ƙayar nan, ya dogara da hauyarsa ya tsaya. Buwai yana kallonsa daga ƙofar gida, yana jira ya tsallako. Bai tsallako ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya ci gaba da nomansa.

Wani da ya ga haka zai ce laifin zuciya ne. Buwai ya ce laifin ɗari ne. Da kakansa ya bar kunya casa'in da tara, ko ɗari da biyu, da ƙanin ubansa ya zo jana'iza. Kowa ya so ya yi masa dariya a kan wannan ya yi, amma da wannan tunanin ya rayu, ya kuma yi wa kansa alkawari cewa shi ba zai mutu ya bar saura ba.

Ya auri Hure, doguwar mace marar yawan magana, wadda ta iya riƙon fartanya fiye da maza da yawa. Da aka tare ruwa a Watari noman rani ya buɗe, suka samu ɗan fili kusa da hanyar ruwa suka fara albasa. Noman albasa kuwa a fangali ake yinsa, wato ƙananan kwamin da ake tayar wa gefe da ƙasa don su riƙe ruwa. Mai ban ruwa ya sa fartanya ya buɗe wa fangali baki, in ya sha ya toshe, ya buɗe na gaba. Wannan ya yi wa Buwai daɗi ƙwarai, domin fangali abu ne da ake ƙirgawa, kowa yana ganin iyakarsa da idonsa.

Ya yanka filinsa fangali sittin, ya samu kwanciyar hankali. Ba adadin da zai rabu ga yaran da ke gabansa kawai yake nema ba. Shi da Hure sun binne biyu tun suna goye, ya san yau kana da biyar gobe a wayi gari huɗu ne. Don haka dole adadin ya yarda da kowane lissafi, daga ɗaya har inda haihuwa ta tsaya. Wannan bai taɓa faɗa wa Hure ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, amma ta sani.

Sittin ta riƙe shi har yaro na shida. Sai ga ta bakwai, wadda aka sa wa suna Charity don a lokacin Hure ta fara zuwa coci. Bakwai ta ƙi shiga sittin. Rani guda Buwai ya yi, in rana ta take aka koma inuwa, yana zaune da tulin 'ya'yan tsamiya yana kasa su kashi-kashi. Ya kasa, ya tattara, ya ƙara, ya sake kasawa, har ya kai ga ɗari huɗu da ashirin. Ya ƙaro fili, ya rage girman fangali. Na takwas ya zo, adadin ya ninka. Da na tara ya zo, 'ya'yan tsamiya suka gaza, sai da ya haɗa da ƙwallon goruba, kowane guda a matsayin ɗari. Abin da ya fito masa ya sa ya kasa cin tuwo: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin.

Hure ta dube shi da jariri a cinya ta ce, “Maigida, in filin ne damuwar, ni dai ba inda zan mai da shi.”

Ya sayar da shanun huɗarsa. Ya ba maƙwabcinsa gonar gadonsa, kunya talatin da ukun nan na bakin ƙaya, ya karɓi filin da ke jikin nasa na albasa, bai ko waiwayi ƙayar ba. Ya matse fangali har kowanne ya koma bai fi tabarma biyu ba, ya jera su layi sittin, kowane layi arba'in da biyu. Maƙwabta suka ce wahala ce kawai ya jawo wa kansa, domin ƙananan fangali sun fi cin aiki. Gaskiyarsu ne kuwa. Amma wahalar ba a kansa kaɗai ta sauka ba. Kowace shekara in an girbe masarar damina, sai an sake tayar da gefen nan duka daga farko, kuma babu fangali ɗaya a filin da hannun Hure bai taɓa ba. Ita ce mai dashe, goyo a baya, tana sunkuye tun sanyin safiya har ƙasa ta fara ƙuna. Da auta Aina'u ta zo ta cika goma, Buwai ya zauna da ƙwallon gorubarsa gabansa yana faɗuwa, sai ya ga goma ta shige ba ta nemi ƙarin komai ba. Tun daga ranar ya ɗauki son duniya ya ɗora wa yarinyar, yana cewa ita kaɗai ce ta zo ba ta ci masa sa ba.

Charity, wadda ta fara ɓata masa lissafi, ita ce ta zama malamar lissafi a wata sakandare wajen Kunci. Wata rana ta zo hutu ta same shi a inuwa, ta ce masa adadin nan nasa sananne ne a wurin masana. Shi ne mafi ƙanƙanta da ɗaya har zuwa goma duk suke raba shi ba saura, kuma adadi arba'in da takwas ne suke shiga cikinsa daidai, in an haɗa da ɗaya da shi kansa.

Daɗi da kishi suka yi ta kokawa a fuskar Buwai. Ya ce, “Wa ya gaya musu?”

“Baba, sun riga ka da daɗewa.”

“To, su nawa ne 'ya'yansu?”

Ta yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya sa ta lissafo masa arba'in da takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga akwai waɗanda bai taɓa sani ba, ya yi ta jinjina kai kamar an gabatar masa da dangin da ke nesa.

Yara suka girma, gidan ya rabu hanya-hanya kamar gidaje da yawa a yankin. Buwai ya tsaya kan addinin gargajiya da ya tarar iyayensa suna yi. Wasu suka bi uwarsu coci, wasu suka musulunta. A cikinsu biyu ne suka fi tsaya masa a rai. Akwai Lazarus, ɗan fari, wanda Buwai ba ya kiran sunansa sai dai ya ce Babba, dattijon coci ne mai son a san shi ne babba. Akwai Ikrima, wanda ya karɓi wannan suna sa'ad da ya musulunta yana koyon gyaran babur a Ɗambatta, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ba su taɓa yin faɗa ba. Kawai dai wata Kirsimeti aka kai wa Ikrima nama ya mayar, ya ce bai san wanda ya yanka ba, Lazarus kuma ya ce daga yau ba za a sake kai masa ba. Tun daga nan gaisuwarsu ta gajarce. Buwai yana ganinsu sai ya ga Shago da Nababa.

Ikrima ne ya zo masa da maganar da ta tayar da shi tsaye. Ya ce malamai sun gaya masa in addini ya bambanta babu gado tsakanin uba da ɗa, don haka shi da 'yan'uwansa musulmi kada a sa su a lissafi. Daga wancan gefen kuma an fara raɗe-raɗin cewa a al'adar gidan mata ba sa gadon ƙasa. Buwai ya ga abin da ya shekara arba'in yana ginawa zai rushe tun ba a ƙirga fangali ɗaya ba. Ya tambayi liman ko uba yana iya yi wa ɗansa kyauta yana raye, liman ya ce ƙwarai. Ya tambayi fasto, ya ce ba laifi. Sai ya sa rana, ya ce kowa ya zo gona, mace da namiji, zai raba da hannunsa yana numfashi.

Ranar ta zo bayan an gama tayar da fangali, ba a kai ga dashe ba. Mai unguwa ya zo, liman da fasto suka zauna kan tabarma ɗaya a inuwar mangwaro. Buwai ya sa rigarsa ta zuwa kasuwa, ya tsaya a bakin hanyar ruwa yana ji kamar ranar aurensa. Ya ce layi sittin ne, mutum goma, kowa layi shida, fangali ɗari biyu da hamsin da biyu. Ba babba ba ƙarami, ba mace ba namiji, ba coci ba masallaci. Ya ɗaga tafin hannunsa ya nuna musu, ya ce, “Kun gani? Ba saura.”

Kowa ya yi na'am, har mai unguwa ya fara yabo. Sai aka ji muryar Hure daga inda take zaune a kan gefen wani fangali, ƙafafunta a miƙe, fartanyarta a gefe.

“Maigida, ni a ina zan dasa tawa?”

Ya juyo yana murmushi, ya ce, “Uwar yara, ke da kike da 'ya'ya goma? Kowa zai kawo miki. Ki zauna ki huta.”

Ta ce, “Za su kawo, na sani. Amma ni ban iya zaman jiran kwano ba. Tun ina amarya nake sunkuye a filin nan. Ka ƙirga wanda aka haifa, ka ƙirga wanda ba a haifa ba tukuna, har wanda zai mutu ka yi masa lissafi. Ni da nake gabanka ba ka ƙirga ni ba.”

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta saba ba. 'Ya'yan suka sunkuyar da kai, domin su ma ba wanda abin ya zo wa a rai. Kunya ta kama Buwai har cikin ƙashinsa, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, domin tun kafin ta rufe baki ya riga ya ji adadin a kansa. Goma sha ɗaya. Mai taurin kai, ɗan'uwan bakwai, wanda bai taɓa yi masa tanadi ba. Ya ce a tashi, a dawo wani makon. Liman da fasto suka naɗe tabarmarsu suka tafi suna duban juna.

Kwanakin da suka biyo baya Buwai bai kyauta ba, kuma ba za a ɓoye masa wannan ba. Ya daina yi wa Hure magana sai dole. Ya aika Aina'u ta lallashe ta, ya ce kowane ɗa zai ara mata layi guda, ta ce aro ba nata ba ne. Da ya rasa mafita sai ya hau mota ya sami Charity a makarantarsu, ya ja ta gefe ya ce ta nemo masa adadin da goma sha ɗaya ma za ta shiga, tare da sauran duka.

Ta ce, “Akwai, Baba. Dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai da ashirin.”

Ya riƙe baki.

“Sai dai ka sayi rabin Watari, ko ka mai da kowane fangali kamar faifai. Me zai hana a kira mai awo ya ja igiya, ya yanka filin goma sha ɗaya?”

Ya ce igiyar mai awo tana komawa gida a aljihun mai awo, gefen fangali kuwa yana nan kowa yana gani. Sannan ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta abin da ya zo tambaya tun farko, in an raba nasa ɗin goma sha ɗaya, nawa zai rage. Ta ce kowa zai samu ɗari biyu da ashirin da tara, ɗaya ya yi saura.

Ɗaya. Da biyar ne ko bakwai, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a kan dakalin ajin, ya ga farar ƙayar nan a gabansa kamar jiya. Charity ba ta taɓa ganin ubanta ya tsufa kamar ranar ba. Ta zauna kusa da shi, sai ta faɗi abin da ta sani, cewa ɗari biyu da ashirin da tara ɗin ma irin masu taurin kan nan nasa ne, ba abin da yake raba shi. Ta yi nadama tun kafin ta gama, domin sai ya dafe kai ya ce shi ke nan, har jikoki ya ɓata wa.

Ya dawo gida da la'asar ya tarar da Hure tana gyara irin albasa a tsakar gida. Ya tsaya a kanta ya zayyana mata komai, da saura ɗayan, da rabon da ba ya rabuwa, kamar mai karanta mata laifinta. Ta bari ya gama.

Ta ce, “In ba ya rabuwa, sai jikokin su noma shi tare. Saura ɗayan kuwa naka ne.”

“Nawa?”

“Kai a ina za ka dasa taka? Ba ni kaɗai ka manta ba.”

Buwai ya dube ta. Shekara arba'in yana lissafin filin nan a matsayin abin da zai bari, bai taɓa tuna cewa rabon zai same shi da rai da hannu biyu ba. Ya zauna a kan turmi. Can ya miƙa hannu ya jawo kwaryar irin, ya fara taya ta tsincewa, ita kuma ta matsa masa.

Aka sake taruwa aka raba goma sha ɗaya, aka kafa turaku. Buwai ya zaɓi nasa a bakin hanyar ruwa, inda kowa yake wucewa, don kada ya ɓuya a wani lungu ya zama abin rigima. Sauran kuma aka yi ƙuri'a aka ja kara, kowa ya ɗauki inda karansa ya nuna. Da aka duba, rabon da ke dama da fangalinsa na Lazarus ne, na hagu kuma na Ikrima. Mai unguwa ya ce a sake ja, Buwai ya ce a bari, abin da ya fito ya fito. Ya buga turken ƙarshe da hannunsa.

Rani biyu ya noma fangalinsa, kuma ba a taɓa ganin albasar da aka yi wa gata kamarta ba. Ya san kowane kai, yana cire ciyawa tun ba ta gama fitowa ba. Hure tana can tsakiyar nata rabon, ta ɗauki 'yan ƙwadago biyu, tana kai albasarta Ɗambatta da kanta. In ta wuce shi sai ta ce, “Manomi, yaya babbar gona?” Shi kuma ya ce ana fama. A zaune yake yana lura da maƙwabtansa biyu, yana ƙirga kalmomin gaisuwarsu, bai taɓa samun abin da ya wuce biyar ba.

A rani na uku, bayan dashe da kaɗan, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi da magani, aka ce ya kwanta. Ciwon bai dame shi kamar fangalin ba. Bai ce wa kowa ya kula masa da shi ba, da gangan, domin ya san in ya ce Babba, Ikrima zai ji, in ya ce Ikrima, Babba ba zai manta ba. Yana kwance yana ganin abu biyu, ba na uku. Ko dai ɗayansu ya ture gefen ya haɗe shi da nasa, ko kuma kowa ya ɗauke kai ya ce ba ruwansa, ƙasa ta tsage, ƙarangiya ta fito. In ya tambayi Hure sai ta ce yana nan inda ya bar shi, ta kawar da maganar. Wannan kawar da maganar ita ta fi tsorata shi.

Wata safiya ya ce ko a kai shi ko ya tafi da rarrafe. Ikrima ya kawo babur, aka ɗora tsohon a tsakiya, Lazarus ya hau baya ya riƙe shi, don ba yadda za a yi mutum ɗaya ya tuƙa ya kuma riƙe. Haka suka tafi a hankali.

Tun daga nesa ya ga filin kore shar, lawashi ya miƙe ko'ina. Wuri ɗaya ne kawai ya bambanta, a bakin hanyar ruwa. Suka sauke shi, ya dafa kafaɗunsu ya matsa. Gefen fangalin yana nan, har an ƙara masa ƙasa ya fi na kowa tsayi. Ciyawa ko ɗaya babu. Amma albasar ta kwanta, ganyen ya yi rawaya, ƙasar ta zama taɓo har da gansakuka. Ya sunkuya da ƙyar ya ja guda ɗaya, ta fito a ruɓe tana wari.

Ya ce, “Wa ya kashe mini albasa?”

Lazarus ya yi gyaran murya ya ce shi dai in ya zo da sassafe yakan buɗe masa ruwa kafin ya ba nasa, don ya ɗauka ba mai yi. Ikrima ya dube shi, ya ce shi ma in ya rufe shago da yamma yakan biyo ya ba shi, don shi ma ya ɗauka ba mai yi. Hure, wadda ta taho daga nata rabon tana share hannu a zani, ta ce Aina'u ma tana ba shi, da mijin Charity in ya zo, da sauran duka, ba mai wucewa ta bakin ruwan nan bai sa masa fartanya ba. Ta ce ta yi ta faɗa musu albasa ba shinkafa ba ce, ba wanda ya ji.

“Ke fa?” in ji Buwai.

Ta kau da kai ta ce, “Ni sau ɗaya-ɗaya ne.”

Buwai ya dubi ruɓaɓɓiyar albasar da ke hannunsa. Kafaɗunsa suka fara girgiza, 'ya'yan suka ɗauka tari ne, suka ƙara riƙe shi. Dariya ce, da hawaye a cikinta, har ya kasa tsayuwa suka zaunar da shi a kan gefen fangalin, ƙafafunsa a cikin taɓo. Ya ce manoma goma sha ɗaya, a rasa mai hankali ɗaya a cikinsu. Ikrima ya fara dariya, Lazarus ya yi ƙoƙarin riƙe tasa ya kasa, ya ce wa ƙaninsa da ya tambaya ai da an gaya masa. Ikrima ya ce, “Yaya, kai ka tambaya?” Buwai yana jinsu, ya fara ƙirga kalmomin kamar yadda ya saba, suka wuce biyar, suka wuce ashirin, sai ya bari.

Bai kai girbin albasar shekarar ba. Da aka zo binne shi, ba wanda ya tsaya daga nesa. Fangalin kuwa har yanzu ana tayar da gefensa kowane rani, ana dasa masa albasa, sun ma yi zama sun raba wa juna ranakun ba shi ruwa. Duk da haka bai taɓa yin albasar kirki ba, domin har yau ba mai iya wuce shi da fartanya a hannu.